Abin da Garma Ta Tono a Bakin Mayo

Bahuli,
7 ga Mayu, 2023

Ƙanwata Rachael,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da sanyin Jos ɗin nan naku. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Mama ta sake kumbura, amma tana shan maganin hawan jinin da kika aiko, tana kuma fitowa tsakar gida da sandarta. Maman Alex da yara suna gaishe ki. Ruwa ya sauka sau biyu, ƙasa ta jiƙa, kowa ya fita huɗa.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Kin san ba a samun sabis sai an hau tudun bayan coci, kuma can kullum da mutane a tsaye, kowa na jin maganar kowa. Wannan magana ba ta waya ba ce. Na ba Friday direba, mai lodin Jos, ya kawo miki hannu da hannu.

Kin tuna gonar bakin mayo, can gefen rafi, wadda Baba ya hana a noma? Cewa yake ƙasar ta gaji, a bar ta ta huta. Ta huta shekara ashirin. Yanzu shekara biyu ke nan da rasuwarsa, yara sun girma, gonar tudu ba ta isarmu. Ranar Talata na kai shanu can na sa garma. A layi na huɗu, kusa da tsamiya inda ambaliyar bara ta kwashe ƙasar sama, garma ta kama wani abu, shanu suka tsaya. Na ɗauka saiwa ce. Da na tona da fartanya sai na ga buhunan taki guda biyu, an ɗinke su baki da baki. Na yanka ɗinkin. Ƙasusuwan mutum ne a ciki, Rachael.

Da farko na ce ko wani ne daga cikin waɗanda suka faɗi a hanya lokacin gudu, shekarar da 'yan ta da ƙayar baya suka shiga Mubi. Amma wanda ya faɗi a hanya ba a ɗinke shi a buhu, ba a ɗora masa hannu a ƙirji. A hannun hagu akwai awarwaron roba shuɗi guda uku. Haƙorin gaba ɗaya a gutsure yake. Kina ƙarama lokacin da yayarki Tina ta faɗo daga kan mangwaro ta gutsure haƙori, amma na san kin tuna yadda take rufe baki da hannu idan za ta yi dariya.

An ce mana ta gudu Kamaru. Haka muka sani, haka muka faɗa wa duk wanda ya tambaya.

Na mayar da ƙasa na rufe, na ɗora duwatsu, na kwance shanu na dawo gida. Ban faɗa wa kowa ba, har Maman Alex. Kwana biyar ke nan ina riƙe da maganar ni kaɗai. Ke kika yi karatu, ke kika san jikin mutum. Ki faɗa mini ko haƙori na iya gutsurewa a cikin ƙasa da kansa. Ki faɗa mini ko in tambayi Mama.

Yayanki,
Vandi


Jos,
13 ga Mayu, 2023

Yaya Vandi,

Na gaishe ka, da Mama, da Maman Alex da yara. Ina lafiya. Ka yi haƙuri da gajartar takardar nan, a bakin ƙofar asibiti nake rubutawa, Friday yana jirana da mota cike da fasinja, ni kuma ina kan aiki.

Na karanta sau uku. Haƙori ba ya gutsurewa haka a ƙasa, Yaya.

Don Allah kada ka tambayi Mama yanzu. Jininta yana sama, irin wannan magana tana iya kayar da ita. Kada ka sake taɓa wurin, kada ka bar yara su je.

Ni na daɗe da sanin Tina ba ta je Kamaru ba. Zan rubuta maka komai idan na samu zama.

Ƙanwarka,
Rachael


Bahuli,
21 ga Mayu, 2023

Rachael,

Muna lafiya. Ƙafar Mama tana nan yadda take. Na shuka masara a gonar tudu.

Kin ce kin daɗe da sani. Layi ɗaya kika rubuta, kika ninke takarda kika koma aikinki. Tun yaushe kika sani? Wa ya faɗa miki? Ke da Mama da Baba kuka zauna kuka sani, ni kaɗai aka bari a waje kamar ɗan haya?

Bari in tuna miki abin da na yi, tunda kina shekara tara lokacin, wataƙila kin manta. Wata uku ina yawo a ƙauyukan kan iyaka da hoton Tina a aljihu. Na shiga Kamaru da ƙafa, na kwana a tasha, na kwana a gindin bishiya, ina tambayar mutanen da ba na jin yarensu. Da na dawo hannu wofi, maƙwabta suka ce ai Murtala ne, yaron nan ɗan Yelwa da ke zuwa da mashin sayen wake, an sha ganinsa yana ɗaukarta daga bakin titi. Na same shi a kasuwar Mubi da tsakar rana yana auna wake. Na ɗauki ƙarfen sikeli na sauke masa a hannu. Sau uku. Ina jin ƙarar ƙashin har yau. Mutane suka taru, ba wanda ya riƙe ni, don duk sun ji labarin. Shi aka tsare sati uku ana tuhumarsa, ni aka sallame ni da yamma, aka ce zafin zuciyar ɗan'uwa ne. Auren da aka sa masa ya lalace. Bai sake tsayawa a layin masu wake ba.

Ranar da na dawo daga kasuwar da jininsa a rigata, Baba yana zaune a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya. Ya ɗaga kai ya kalle ni, ya sunkuyar. Bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Na ɗauka baƙin ciki ne ya hana shi magana.

Ban tambayi Mama ba, kamar yadda kika ce. Ita ta tambaye ni. Shekaranjiya ina wanke ƙafa a bakin randa ta ce, "Vandi, an ce an ga shanunka a bakin mayo." Na ce e. Ta ce, "Ka huɗa?" Na ce layi huɗu. Ta tashi da sandarta ta shiga ɗaki. Tun lokacin kunu kaɗai take sha, shi ma rabin kofi.

Idan kin san wanda ya kashe 'yar'uwarmu, ki rubuta sunansa. Idan ba za ki rubuta ba, kada ki sake ba Friday wata takarda.

Vandi


Jos,
1 ga Yuni, 2023

Yayana,

Ina gaishe ka da zuciya ɗaya, ko da kana fushi da ni. Ka gaida Mama da Maman Alex. Idan Mama ta ƙi tuwo, a dama mata kunun gyaɗa mai kauri, a riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Kada ta fasa shan magani. Ni jikina lafiya, sai dai barci ya ƙaurace mini.

Ka yi mini mummunar fahimta, kuma laifina ne, na rubuta cikin gaggawa. Ban san Tina ta mutu ba. Na rantse da Allah ban sani ba sai da takardarka ta zo. Ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini komai. Abin da nake nufi shi ne na ga wasu abubuwa ina yarinya, na riƙe su a ciki, kuma ba su taɓa yarda da labarin Kamaru ba. Ga su nan, duka.

Ka tuna bikin 'yar Goggo a Duvu, bayan girbin wake, wanda ka kai ni muka kwana biyu? Tina ta so zuwa, Baba ya hana ta. Ranar da muka dawo kai ka tsaya a bakin titi da abokanka, ni na riga ka shiga gida. Na tarar da ɗakin ajiya a buɗe, an cire tsummokaran da ke toshe da tagar, Mama tana durƙushe tana wanke daɓen da toka da ruwa. Wani wari ke fitowa daga ɗakin, kamar tafarnuwa da ta ruɓe, har ya sa ni tari. Mama ta daka mini tsawa in koma baya. Buhunan waken da muka bari jere a ciki babu ko ɗaya. Ka tuna a shekarar sai da muka sayi wake a kasuwa, mu da muke sayarwa?

Bayan kamar sati ɗaya, ina neman kazar da ta shige ɗakin Mama, na leƙa ƙarƙashin gado. Takalmin cocin Tina na can, da jakarta, da zanen da ta ɗinka na Kirsimeti ba ta taɓa ɗaurawa ba. Na fito na ce, "Mama, yaya Tina ta tafi Kamaru ba takalmi?" Ta mare ni. Shi ne marin da ta taɓa yi mini a duniya. Sannan ta jawo ni ta rungume ni tana kuka, ta ce kada in sake faɗa wa kowa.

Kuma ka lura Baba ya ajiye dattijancin coci a shekarar. Daga nan har ya mutu bai sake karɓar jibin Ubangiji ba. Idan an zo rabawa sai ya fita waje.

Abin da na gina a kaina shi ne Baba ya kore ta, ko ya kai ta wani wuri ya ɓoye saboda maganar Murtala, yana jin kunyar faɗa. Ko a nan Jos, idan na ga mace mai tsayinta a tasha sai na bi ta in ga fuskarta. Na yi ta jiran ta dawo, Yaya. Da na faɗa maka tun lokacin, wataƙila da hannun mutumin nan bai karye ba. Wannan nauyin nawa ne, na ɗauka. Ka yafe mini, ka rubuto.

Ƙanwarka,
Rachael


Jos,
29 ga Yuni, 2023

Yaya Vandi,

Gaisuwa. Ina fata ruwa bai yi muku ɓarna ba, an ce mayo ya cika. Yaya jikin Mama?

Sati huɗu ke nan. Friday ya zo sau uku, duk zuwa sai in fita da gudu, sai ya buɗe hannu ya ce ba a ba shi komai ba. Ya ce ya tabbatar ya sa takardata a hannunka. Wayarka a kashe take. Na kira Maman Alex sau ɗaya ya shiga, ta ce kana fita gona da safe ka dawo da yamma, amma ciyawa ta cinye masara, ba ta san abin da kake yi a can ba. Ta ce ba ka magana da kowa. Tana kuka, ta tambaye ni ko wani abu ta yi maka.

Na gane. Ka yanke cewa ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru, kuma gaskiyarka ce. Amma shekarata tara, Yaya. Uwata ce ta ce in yi shiru.

Na nemi hutu, an ce sai Agusta saboda ƙarancin ma'aikata. Mu uku Mama ta haifa. Ɗaya tana bakin mayo. Idan kai ma ka yanke ni, ban san wa ya rage mini ba. Ko zagi ne ka rubuto.

Rachael


Bahuli,
11 ga Yuli, 2023

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Mama tana nan, ta rame sosai, amma tana shan kunu. Yara lafiya. Duk takardunki biyu sun iso.

Ba fushi nake da ke ba. Ki cire wannan a ranki. Tun ranar da na karanta maganar warin tafarnuwa na kasa riƙe biro.

Ke ba ki san warin ba, ni na sani. Warin maganin wake ne, ƙwayar nan da muke kira bom, wadda ake naɗewa a tsumma a tura cikin buhu don ƙwari su mutu. Hayaƙinta ba a ganinsa. Ba a kwana kusa da ita, ba a barin ko kaza a ɗakin.

Rachael, ni na sa ta. Da safen da za mu tafi Duvu, kafin ki gama shiri, na shiga ɗakin ajiya na tura ƙwaya a kowane buhu, na toshe tagar da tsumma don kada ƙarfin maganin ya fita, na ja ƙofa. Ba wanda ya sa ni. Na saya ne da kaina don Baba ya ga na girma, na san aiki. Na ce idan mun dawo zan faɗa masa. Muka hau mashin muka tafi biki.

Na yi sati uku ina zuwa gindin tsamiyar nan in zauna. Ranar Lahadin da ta wuce, da kowa ya tafi coci, na shiga ɗakin Mama na durƙusa a gaban gadonta. Na ce, "Mama, Tina ta shiga ɗakin ajiya ranar?" Da yarenmu ta yi magana, zan rubuta miki yadda zan iya.

Ta ce bayan tafiyarmu Tina ta ɗauki jakarta ta ce sai ta bi mu bikin. Baba ya ce ba inda za ta, ya san wanda za ta je gani a can. Ta ce masa ita ba ruwanta da Murtala, rage mata hanya kawai yake yi. Suka yi ta musu. Ya kama hannunta ya tura ta ɗakin ajiya ya sa kwaɗo, ya ce ta zauna nan har hankalinta ya dawo. Ya sa makullin a aljihu, ya ce wa Mama ta ɗauki kwando su tafi yankan dawa.

Mama ta ce, "Tana buga ƙofa muna fita. Tana cewa, Baba kaina na ciwo, akwai wari a nan. Babanku ya ce wayo ne. Na tsaya a ƙofar gida, na juya, ya ce in wuce. Na wuce, Vandi. Da ƙafata na wuce."

Sai la'asar suka dawo. Suka same ta kwance a bayan ƙofa, bakinta a jikin ramin da ke ƙasan ƙofar.

Baba ya zazzage buhu ɗaya ya ga tsumman maganin, ya gane wanda ya sa. Mama ta ce ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka, can ya ce, "Na kashe ɗaya. Idan yaron nan ya ji, na kashe biyu." Washegari unguwa duk tana Duvu. Suka ɗinke ta a buhu, suka ɗora a baro, suka rufe da harawa, suka tura zuwa bakin mayo inda ƙasa ke da laushi. Waken kuma suka zuba a rami suka binne.

Na ce, "To da na tafi neman Murtala fa? Kuna kallona." Ta ce, "Ba mu taɓa kiran sunansa ba, mutane ne suka kira." Na ce, "Amma kun yi shiru." Ta ce, "Mun yi shiru. Shi ɗan wata mata ne, kai kuma nawa ne. Allah ya gani, ba ni da abin da zan ce masa."

Shekara ashirin ina zagin Tina a zuciyata, ina cewa ta zubar mana da mutunci ta bi namiji. Na hana a sa wa 'yata sunanta.

Na faɗa wa Maman Alex komai jiya. Akwai abin da ya rage in yi, na riga na yanke shawara. Idan kin zo a Agusta ba ki same ni a gida ba, ki kula da Mama, kada ki riƙe ta da zafi.

Yayanki,
Vandi


Jos,
16 ga Yuli, 2023

Yaya,

Ina gaishe ka, ina roƙon Allah takardar nan ta same ka da rai da lafiya. Na roƙi Friday kada ya tsaya ko'ina, ya hau mashin daga tasha ya kawo maka da kansa.

Me kake nufi da idan na zo ban same ka ba? Wace shawara ka yanke? Na ga irin wannan magana a bakin mutanen da aka kawo mana asibiti, wasu ba mu iya ceto su ba. Na roƙe ka da sunan Yesu, duk wani maganin gona da ke gidan ka ba Maman Alex ta kai gidan maƙwabta. Kada ka tafi bakin mayo kai kaɗai.

Ka saurare ni. Ka sa magani a ɗakin wake, inda ake sa shi. Ba ka sa mutum a ciki ba, ba kai ka sa kwaɗo ba, ba kai ka ji tana bugawa ka wuce ba. Na yi kuka har muryata ta dishe, ina tuna ta a bayan ƙofar nan. Ban san yadda zan kalli Mama ba, ban san ko zan sake zuwa kabarin Baba ba. Amma idan ka bi Tina, Alex da ƙannensa su ma za su tashi a gidan da ake yi musu ƙarya game da yadda babansu ya mutu. Kada ka yi musu haka.

Ka hau tudun coci ka kira ni, ko kalma ɗaya ce, ko mutane na ji.

Ƙanwarka,
Rachael


Bahuli,
2 ga Agusta, 2023

Ƙanwata Rachael,

Gaisuwa a cikin Ubangiji. Kin ji muryata a waya ranar, kin san ina raye, sauran bayanin ne ban iya yi a kan tudu ba. Mama ba ta tashi daga gado yanzu sai an ɗaga ta. Maman Alex na ƙoƙari da ita. Masara ta lalace, sai abin da Allah ya bari.

Ki yafe mini tsoron da na ba ki. Ba kashe kaina nake nufi ba, ko da yake ba zan ce tunanin bai zo ba. Nufina zan kai kaina ga hukuma, na ɗauka za su riƙe ni. Na faɗa wa fasto da mai unguwa, suka raka ni. Aka rubuta bayanina, aka zo aka duba wurin, aka yi wa Mama tambayoyi tana kwance. A ƙarshe aka ce wanda ya rufe ƙofar ya mutu, tsohuwa ba ta da lafiya, mu je mu binne gawarmu. Na dawo gida da ƙafata. Na so a ce sun riƙe ni.

Daga nan na tafi Yelwa neman Murtala. Sai da na yi tambaya wuri huɗu. Yana zaune a wata 'yar rumfa a bakin layi yana sayar da goro da alewa a faranti. Gashinsa ya yi fari. Hannun dama ya shanye, ya lanƙwashe a ƙirjinsa, da hagu yake ba da canji. Ya gane ni tun daga nesa, na ga ya ja jikinsa baya.

Na durƙusa a ƙasa na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Yarinya ce mai kunya, ko a mashin ba ta yarda ta riƙe ni." Sannan ya ce, "Ni na san ban ɗauke ta ba. Ni kaɗai na sani. Mahaifiyata ta rasu tana tambayata in faɗa mata gaskiya, ina na kai 'yar mutane."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Kada ka roƙe ni wannan yau. Abu ɗaya nake so. A kasuwa ka buge ni, a gaban mutane. Ka je can ka faɗa."

Ranar kasuwa muka shiga keke tare. Na tsaya a layin masu wake, daidai inda sikelinsa yake a da, na ɗaga murya na ce ni ne Vandi ɗan Zacharia na Bahuli, shekara ashirin da suka wuce na karya hannun mutumin nan a kan ƙarya, bai ɗauki ƙanwata ba, a gidanmu ta mutu. Na faɗa sau uku. Mutane suka ɗan tsaya suna kallona. Wani ya tambayi na kusa da shi ko wa'azi nake. Wani mai baro ya ce in matsa ya wuce. Yara ne duk a layin yanzu, Rachael. Waɗanda suka tsaya kallo ranar, wasu sun mutu, wasu sun tafi lokacin gudu ba su dawo ba. Na bi rumfa rumfa ina neman mutum ɗaya da ya tuna. Ban samu ba.

Murtala yana tsaye a gefena, yana kallon mutane suna wucewa. Ya ce, "Ka gani? Ka makara. Babu sauran wanda zai ji." Na ce in raka shi gida, ya ce a'a. Ya tsayar da keke da hannun hagu ya hau.

A nan Bahuli kuwa kowa ya ji. Matan zumuntar coci sun daina shigowa gaida Mama. Ita abu ɗaya ta roƙa, kada a kwantar da Tina kusa da Baba. Fasto ya yarda, an nuna mana wuri a ɗaya gefen maƙabartar. Za a yi jana'izar ranar Asabar, sha biyu ga wata. Na sa kafinta ya yi akwati. Ya tambaye ni tsawonta, sai Maman Alex ce ta ce ya auna da nata tsawon.

Ki zo kafin ranar idan an ba ki hutun. Da rana yara suna makaranta, Maman Alex tana gona, ni da Mama kaɗai muke rage a gidan. Ina kai mata kunu in ajiye a bakin gado. Ba ta iya kallona, ni ma ba na iya kallonta. Jiya da na juya zan fita ta kama bakin rigata ta riƙe. Muka daɗe a haka har kunun ya huce.

Ki zo, Rachael.

Yayanki,
Vandi